Inda Za a Binne Cibiyar

Lahadi, 5 ga Fabrairu, 2023

Cleide ta zo daga Fortaleza, ita da mijinta Rogério, da kek a kwali. Tun daga kek ɗin na san da magana. Ƙanwata ba ta taɓa sayen kek haka kawai ba.

Ta bari sai da maza suka fita duba babur ɗin mijina Demir, sannan ta biyo ni kicin ta tsaya tana murza zobe. Na ce, "Ke, faɗi mana, kin tsaya mini a ka kamar wadda ta fasa tulu." Ta ce, "Nilda, ki ara mini cikinki."

Dariya na yi. Ita ba ta yi ba.

Shekara uku ke nan da aka cire mata mahaifa. Ƙwanta na nan lafiya, in ji likita. Za a haɗa nata da na Rogério a asibiti, a saka a cikin wata mace ta raina shi wata tara. Amma ƙa'idar likitoci ta ce sai 'yar'uwa ta jini, wadda ta taɓa haihuwa, ba biya, kuma sai mijinta ya sa hannu a takarda. To mu biyu mahaifiyarmu, Mainha, ta haifa. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Na ce mata zan yi tunani. Wake ya ƙone.

Talata, 7 ga Fabrairu

Na share tsakar gida sau uku. Na kasa zama. Shekarata talatin da bakwai, babbar 'yata Tainara ta kusa gama sakandare, ƙaramar, Jeovana, ta daina bina kasuwa, ina cewa na huta. Yanzu kuma in koma amai da kumburin ƙafa, a ƙarshe in fito hannu biyu?

Amma Cleide fa, ni na goyi yarinyar nan. A ƙuguna ta girma.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Na faɗa wa Demir. Cokali ya ajiye.

"Matata da cikin wani namiji? A garin nan? Ni da nake ɗaukar rabin mutanen Pacajus a bayan babur?"

Na ce ba wanda zai taɓa ni, allura ce da likita. Ya ce mutane ba su san allura ba, ciki suka sani. Na ce to mutanen ne suka aure ni? Ya fita bai sha kofinsa ba.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Ya je ya kai wa fastonsu. Tun da ya bar cocinmu ya koma na masu tafi da ganga, ko tari na yi sai fasto ya ji. Ya dawo mini da labarin Saratu da Hajara, wai in duba yadda aka ƙare, da kuka da kora. Na ce, "Hajara baiwa ce, ni yayarta ce. Kuma Ibrahim ɗaki ya shiga. Rogério kuwa ko gaisawa muka yi sai kunnensa ya yi ja." Ya ce ina wasa da Littafi. Ba wasa nake ba, haushi nake ji.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Na je wurin Fada Anselmo na cocinmu bayan na tashi daga kasuwa, ko warin man kwakwa ban wanke ba. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam na ba shi. Ya ce Ikilisiya ba ta yarda ba. Ɗa daga miji da mata yake zuwa, ba daga kwalba ba, kuma ƙwayayen da za su rage a firjin asibiti su ma rayuka ne, wa zai amsa tambayarsu?

Na ce, "To in na yi, za ka hana ni Jibin Ubangiji?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Josenilda, izini kika zo nema, ko sanar da ni kika zo yi?"

Na tashi na fito. Sai a hanya na gane tsohon ya riga ni sanin abin da ke raina.

Lahadi, 5 ga Maris

Mainha ce ta ƙarshe da muka faɗa wa, ni da Cleide, don muna tsoron hawan jininta. Tana ɓarar wake ko ɗago kai ba ta yi ba. Ba ta ce zunubi ba, ba ta ce lada ba. Abu ɗaya ta tambaya.

"Cibiyar fa? A gidan wa za a binne ta?"

Cleide ta ce, "Haba Mainha, ana maganar rai kina maganar cibiya."

Mainha ta ce maganar ran ke nan. Tamu tana bakin garken awakin babanmu, ita ta binne da hannunta, shi ya sa duk inda muka je ƙafarmu ke dawo da mu. In guntun cibiya ya bushe ya faɗi, uwa ke binne shi a ƙasar gidanta, can zuciyar yaro za ta zauna. In aka yar, ɓera ya ci, yaro ya tashi da ɗan hali. Ni ma na Tainara da Jeovana suna gindin yazawar bayan gida, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

"Uwa ke binnewa," in ji Mainha. "To ku faɗa mini, wacece a cikinku?"

Muka ce Cleide, baki ɗaya. Ni ma na faɗa da ƙarfi, har ma na fi ta.

Juma'a, 17 ga Maris

Demir ya sa hannu. Ba don ya yarda ba, wai ya gaji da cin wake ba gishiri da ganina ina zagaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Da ya ajiye biro ya ce, "Sharaɗi ɗaya. In kin ɗauka, ki sauke musu kayansu. Kada ki zo mini da kuka ranar rabuwa. Na san ki, Nilda. Kyanwa aka ba ki riƙon sati ɗaya, ga ta can shekara shida."

Kyanwar, Farofa, tana kwance a kan kujerarsa tana lasar ƙafa. Na ce kyanwa daban, mutum daban. Ya ce shi ma abin da yake tsoro ke nan.

Talata, 9 ga Mayu

An saka. Ko minti ashirin ba a yi ba. Bayan duk allurai da tambayoyin wata mai duba tunani da ta so ta san ko ina jin haushin ƙanwata. Wa ba ya jin haushin ƙanwarsa? Cleide ta riƙe hannuna har ya yi tsami. A mota ta hana Rogério bin rami, kamar abin zai zubo.

Asabar, 20 ga Mayu

Ya kama.

Asabar, 24 ga Yuni

Bikin Waliyyi Yohanna, gari duk hayaƙin itace da gasasshiyar masara, ni kuwa kaina a bokiti. Cikin 'yan matana biyu bai yi mini haka ba. Ko warin wainar rogon da nake sayarwa ba na so, kuma dole in tsaya a kanta tun safe. Wannan ɗan birni ne, komai namu bai yi masa ba.

Asabar, 12 ga Agusta

Ciki ya fito, baki ya buɗe. Dona Creuza mai cuku, da rumfarta ke jikin tawa shekara tara, ta ɗaga murya yadda har masu kifi za su ji: "Ke mai cikin haya! Nawa ne wata? In da ɗaki a sama, ina da ɗan haya."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ke da ba haya kika yi ba, 'ya'ya biyar, wanne ne ya zo ya gaishe ki ranar Lahadi?" Ta juya tana gyara cukun da ba ya buƙatar gyara. Na san inda ke mata ciwo, can na taka. Ban ji daɗi ba, amma ita ta fara.

Ban gama hucewa ba sai ga wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannuna ta sumbata, wai ni waliyyiya ce, in sa mata albarka. Wannan ta fi ta Creuza ba ni haushi. Ni ba 'yar haya ba ce, ba waliyyiya ba ce, mace ce da ƙafarta ta kumbura tana son ta zauna.

Laraba, 6 ga Satumba

Hoton ciki. Namiji ne.

Cleide ta yi ihu har likita ya yi dariya. Sunansa Otávio, wai sun daɗe da zaɓa. Otávio! Kamar sunan lauya mai tumbi.

Na faɗa wa Demir da ya dawo cin rana. Ya ce, "Namiji." Shi ke nan. Shekara goma sha bakwai yana son ɗa namiji bai taɓa yi mini gori ba, yau ga namiji a gidansa, a cikin matarsa, kuma ba nasa ba. Ya fita ya dawo da kankana ya ajiye a tebur bai ce ta wace ce ba.

Litinin, 18 ga Satumba

Yana motsi sosai. In na buga murfin tukunya sai ya harba. In Demir ya tayar da babur sai ya lafe.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Mun yi faɗa da Cleide a waya. Kullum sai ta kira sau huɗu. Kin sha maganin? Kada ki ɗaga buhu. Kada ki hau babur. Kada ki ci yazawa da yawa. Yazawar gidana, a lokacinta, tana faɗowa a ƙafata! Na ce, "Yarinya, biyu na haifa, ke ko kyanwa ba ki taɓa rainon cikinta ba."

Baki shi ke yanka wuya. Ta ce a hankali, "Na sani, Nilda. Shi ya sa na roƙe ki." Ta kashe.

Na kira sau uku kafin ta ɗauka. Mun shirya, wai.

Ta turo muryarta a waya tana waƙa, in riƙa ɗorawa a ciki don ya saba da ita. Na ɗora sau biyu. Na ukun na ajiye wayar na yi masa tawa, wadda Mainha ke yi mana. Ban faɗa wa kowa ba, amma ni Dito nake ce masa, sunan babanmu Benedito. A raina kawai. Ba laifi ba ne, mutum ba zai yi wata tara da wani bai kira shi da komai ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Walimar kayan jariri a gidan Cleide, hawa na tara. Ƙawayenta na ofis suka cika falo da ƙunzugu da ƙamshin turare. Kowacce ta shigo sai ta tsaya tana rarraba ido, ni za ta yi wa barka ko ita? Wata ta shafa cikina ba ta ko dubi fuskata ba, ta ce wa Cleide, "Kai, ya girma!" Kamar kabewa a gona.

Mainha kuwa baranda ta fita. Ta duba ƙasa, ta duba sama, ta taka siminti da ƙafa, ta dawo ta ce a gaban kowa, "Nan ko tafin hannu na ƙasa babu. Ina za ki binne cibiyar?"

Ƙawayen suka yi dariya. Cleide ta yi ja har wuya. Ta ce, "Mainha, camfi ne wannan. Yanzu a shara ake jefawa."

A shara! Mainha ta yi alamar gicciye. Wata tara ina ci yana ci ta wannan igiyar, a jefa ta tare da ɓawon ayaba?

Lahadi, 10 ga Disamba

Na tona rami a gindin yazawa, kusa da na 'yan matan. Da wannan cikin, a durƙushe. Demir ya tarar da ni ya ce na mene ne, na ce barkono zan shuka. Ya ce wa ke shuka barkono a inuwa? Na ce ni.

Wani ma ya kwashe ƙasa ta ɗaya gefen bishiyar, wuri ya yi kwari. Aladen maƙwabta ne ko masu gini, oho. Ba wanda ke tambaya kafin ya taɓa kayan mutum a unguwar nan.

Laraba, 3 ga Janairu, 2024

Ba zama, ba tsayuwa, ba kwanciya. Na wanke labulen da na wanke jiya. So nake ya fito in huta. Ba na so ya fito.

Juma'a, 19 ga Janairu

Shekaranjiya, Laraba, da hantsi. Aiki aka yi mini aka ciro shi. Na ji kukansa kafin in gan shi, kuma ban gan shi ba sai diddige ɗaya, ja, da aka wuce da shi ta gefena aka ɗora a ƙirjin Cleide. Haka muka shirya tun farko, ni da bakina na ce a yi haka. Tana kuka tana cewa, "Nilda, duba, Nilda, duba," ni kuwa labule ya tare ni, ba na iya ɗaga kai.

Takarda ta fito da sunanta da na Rogério. Daidai ne. Haka ya kamata.

Demir ya zo da rigar coci. Ya tsaya a kan yaron ya daɗe, ya ce, "Allah ya raya." Sai ya fita wai zai duba inda ya ajiye babur, alhali a bas ya zo.

Litinin, 22 ga Janairu

Ina gidan Cleide sai an cire zare. Mainha ta iso da kaji huɗu masu rai a kwando, don jego ba ya yiwuwa da kazar firji. Mai gadi ya ce ba a hawa da dabba. Ta ce to ya ba ta wuƙa. A wurin ajiye motoci ta yanka su, Rogério yana riƙe da ƙafafu yana ba mutane haƙuri.

Da romo ya nuna ta zuba kwano ɗaya, ta tsaya tsakanina da Cleide tana dubanmu. Sai ta koma ta zubo na biyu. Ta ce dukanmu ba wanke kai, ba iska, ba tsami, sai kwana arba'in. Cleide ta ce, "Ni me na yi?" Mainha ta ce, "Ke kika haihu, ita aka yanka. Sha."

Nono ya zo kamar zai fasa ni. Ina tatsa a kwalba, Cleide ta ba shi. Wai kada ya saba da ni. Wannan ma da yardata.

Akwai wata ƙatuwar tukunya a baranda da ɗan tsiron yazawa a ciki, ganye huɗu. Yazawa a tukunya! 'Yan birni sai a bar su.

Juma'a, 26 ga Janairu

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Bayan cin rana Cleide ta shiga wanka, Mainha na gyangyaɗi. Ya fara kuka, kwalba ba ta huce ba. Na ɗauke shi. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina, na ɗaga riga na ba shi. Ya kama kamar dama can ya san hanya. Wayyo Dito. Wayyo ɗana.

Da na zo gyara masa ƙunzugu sai ga cibiyar a cikin tsumma, ta faɗi. 'Yar baƙa, busasshiya, ba ta kai ƙwayar yazawa ba. Na ji an kashe famfo. Na sa ta a rigar mama.

Cleide ta fito ta ga cibiya fayau, ta ce ina guntun? Na ce ban gani ba.

Ta zazzage gado. Ta kwance ƙunzugun da ke cikin shara ɗaya bayan ɗaya da hannunta. Ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin kujera da fitilar waya, gashi na ɗigar ruwa, tana kuka. Na ce, "Ba ke kika ce camfi ba ne?" Ta ce, "Camfi ne mana! Amma ɗana ne!"

Na taya ta nema. Allah ya gani, har kujera na taya ta ɗagawa da ɗinkina. Mainha ba ta tashi ba. Ni take kallo.

Litinin, 29 ga Janairu

Na dawo gida. Ba a yi kukan rabuwa ba, Demir ya shaida. Cibiyar tana cikin kwalin ashana, kwalin yana cikin gwangwanin allura.

Laraba, 31 ga Janairu

Na fita da ita sau biyu har bakin ramin na dawo. Me ya rage? In saka, in rufe, in taka. Ba wanda zai sani. Ba yaron na sata ba, yaro yana wurinsu, sunansu ne a takarda. Wannan kaɗai nake so, abin da ita da bakinta ta ce shara ne. In ya girma ƙafarsa ta riƙa jawo shi nan bai san dalili ba, wa na cuta?

To me ya hana ni?

Rigata duk ta jiƙe. Ina tatsa ina zubarwa a gindin bishiya, Farofa na bina tana kuka.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Mainha ta zo da rana tsaka, ita da ba ta fita a rana. Ba ta shiga ɗaki ba, ta zagaya baya ta same ni a kan turmi kusa da ramin. Ta duba ramin, ta duba kwarin da ke ɗaya gefen.

"Kin san wa ya kwashi ƙasar nan?"

Na ce aladu.

"Ƙanwarki ce. Sati ɗaya bayan walima ta zo kina kasuwa, ni na buɗe mata ƙofa. Buhu biyu ta cika da hannunta, da farcenta mai jan lalle. Na'urar hawa ta lalace ranar, Rogério ya hau da su hawa tara a kafaɗa. Tukunyar da kika yi wa dariya, ƙasar gidanki ce a ciki. Tsiron ma ɗan wannan bishiyar ne."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba?

"Kunya. Ta ce camfi a gaban ƙawaye, ta yaya za ta dawo ta lashe? Ta ce so take tasa ta kwanta a ƙasa ɗaya da ta 'ya'yanki. Ta ce ranar da cibiyar ta faɗi, ke za ki tona, ita ta rufe."

Mainha ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta ce yarinyar kwana bakwai ba ta ci abin kirki ba, gani take ta kasa tun a aikin farko da aka ba ta na uwa. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ni ban ce kin ga komai ba. Amma kayan mai jego yawa gare su, a kan tsinci abu a ciki."

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ban je kasuwa ba, ban yi shara ba. Demir ya buɗe gwangwanin allura yana neman abin cire ƙaya. Na ji shiru ya yi yawa. Ya fito ya ce, "Bas ɗin farko ƙarfe shida yake tashi. Zan kai ki tasha." Bai ambaci kyanwa ba. Da ya ambata da na ji sauƙi, da na samu abin yin faɗa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na kai.

Ita ta buɗe ƙofa, yaron a kafaɗa, ta rame, idanu sun faɗa. Na miƙa mata kwalin ashana na ce, "Na tsince ta a cikin kayana." Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta kalle ni. Ƙanwata ba wawuya ba ce, ta san kayana ba sa zuwa da kwalin ashana. Na jira ta faɗa. Na ma so ta faɗa, ta zage ni, in rama, mu huta.

Ta ce, "Na gode da kika tsince ta."

Ta shiga kicin ta ɗauko cokalin miya ta ba ni. Na durƙusa a baranda, ɗinki na ja na, na tona a gindin ɗan tsiron. Ƙasar gidana ce, na san jarta, har da guntun ɓawon yazawa a ciki. Ta miƙo mini yaron don hannunta ya samu sarari. Ta saka, ta rufe, ta danna da tafin hannu sau uku yadda Mainha ke yi. Ni ina riƙe da shi ina kallon motoci a ƙasa.

Da ta wanke hannu ta miƙo hannuwa. Na ba ta.

A bas na yi kukan da Demir ya hana. Wata mata ta ba ni lemo ta ce wa ya rasu, na ce ba kowa, haihuwa aka yi.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Nono ya fara ɗaukewa. Na koma kasuwa, Mainha na faɗa wai arba'in bai cika ba. Creuza ta ajiye mini cuku a kan tebur, na aika mata waina biyu.

Fada Anselmo ya ce ra'ayinsa na nan inda yake, amma yaro ba ruwansa, a kawo shi baftisma bayan Ista. Wai ni ce uwar baftisma. Sai na nemi riga.

Na shuka barkonon. Demir ya ce ba zai yi ba a inuwa, mu gani.

Otávio ya fara bin haske da ido. Uwarsa ta ce goshinsa na babanmu ne sak. Zan duba ranar Lahadi.